Gasar ɗanɗana giyar inabi ta Faris, 1976

Gasar ɗanɗana giyar inabi ta Faris zama ne da aka yi ranar 24 ga Mayu, 1976, a otal ɗin InterContinental da ke birnin Faris, inda aka kara giyar Faransa da ta jihar Kalifoniya ta Amurka. Steven Spurrier, ɗan Ingila mai shagon giya a Faris, shi ya shirya zaman tare da abokiyar aikinsa Patricia Gallagher. Ba wanda ya yi zaton za a ja da Faransa. Shi kansa Spurrier giyar Faransa yake sayarwa.

An gwada giya iri 20, farare goma da jajaye goma, kuma a kowane rukuni shida na Kalifoniya ne, huɗu na Faransa. Alƙalai tara Faransawa ne suka ba da maki bisa 20, ba tare da sun ga sunan gona ko shekarar girbi ba. Shekarar girbi kuwa ita ce shekarar da aka tsinki inabin, kuma masu sana'ar suna ba ta muhimmanci, domin ruwan sama da rana da sanyin shekarar ne ke gyara inabi ko su ɓata shi.

Mai ɗanɗano yakan fara da ido: ya karkata kofin gilashi a kan farin ƙyalle ya dubi launi. Sai ya juya kofin a hankali don ƙamshin ya tashi, ya shinshina, ya kurɓi kaɗan ya zagaya da shi a baki yana auna tsami da bauri, sannan ya tofar. Ba a haɗiyewa, in ba haka ba kafin a kai kofi na goma hankali ya gushe.

Da aka haɗa maki, Chateau Montelena ta 1973 ce ta zo ta ɗaya a farare. A jajaye kuma Stag's Leap Wine Cellars ta 1973 ta sha gaban Château Mouton Rothschild da Château Haut-Brion na 1970, manyan sunayen yankin Bodo na Faransa. Dukkan zakarun biyu daga kwarin Napa na Kalifoniya suka fito. Ɗaya daga cikin alƙalan, Odette Kahn, har ta nemi a mayar mata da takardar makinta.

Ɗan jarida ɗaya tak ya halarta, George Taber na mujallar Time, kuma ta bakinsa duniya ta ji. Faransawa sun ce jajayensu ba su gama nuna a kwalba ba tukuna. Da aka sake gwada jajayen a 2006 a Landan da Napa, Ridge Monte Bello ta 1971, ita ma ta Kalifoniya, ce ta zo kan gaba.