Me ake nufi da maganin tsinka jini, kuma me ya haɗa shi da yara?

Likitocin Sudan "suyula" suke cewa, mu kuma mu ce maganin tsinka jini. Sunan kan ruɗi iyaye. Maganin ba ya mai da jini ruwa-ruwa, ba ya kuma narkar da gudan da ya riga ya daskare. Jinkirta daskarewar yake yi, don kada sabon guda ya haɗu, tsohon kuma kada ya ƙaru kafin jiki ya cinye shi da kansa.

Da wuya jinin lafiyayyen yaro ya yi guda. Ga yaran da ke kwance a asibiti, siririyar robar da ake zurawa a babbar jijiyar wuya ko ta cinya ce ta fi jawo shi, sai ciwon ƙoda mai kumbura jiki da sankarar jini. Amma wanda ya fi damun mutanenmu, daga Mai-Wurno har Gadarif a Sudan, shi ne ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaron da aka yi wa sakaci. Ƙofofin zuciya yake lalatawa. A Cibiyar Salam ta Soba, kudu da Hartum, wadda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007, an sa wa yara da matasa da yawa ƙofar ƙarfe a madadin wadda ta lalace. Wanda duk aka sa wa ita, shi da warfarin, wani maganin tsinka jini, mutu-ka-raba, don kada jini ya yi guda a kan ƙofar.

Warfarin kuwa ba a shan sa da ka. Ya yi kaɗan, jini ya daskare. Ya yi yawa, haɓo da jinin dasashi su ɓalle. Shi ya sa ake yawan gwajin INR, wanda ke auna saurin daskarewar jini. Ga yawancin masu sha, tsakanin 2 da 3 ake so, mai ƙofar ƙarfe kuma sau da yawa 2.5 zuwa 3.5. Yaro na girma, nauyinsa na sauyawa, yau zazzaɓi gobe gudawa, kowanne sai ya motsa lambar.

Sai miya. Lalo da alayyafo suna ɗauke da bitamin K, wanda ke rage wa warfarin ƙarfi. Wasu iyaye mata da sun ji haka sai su hana yaro ganye ɗungurungum, wannan kuwa kuskure ne. A bar shi ya ci yadda ya saba, kada dai a yi sati ba ganye sannan a dumbuza masa kwano guda.

Bayan warfarin, akwai wasu magungunan tsinka jini: allurar Clexane ta ƙarƙashin fata, da rivaroxaban da Amurka ta amince a ba yara a 2021, sai dai wannan na biyu ba na mai ƙofar ƙarfe ba ne.

Kaciya, ƙaho, cire haƙori, duk sai da sanin likita. Maganin rage ciwo na ibuprofen ma haka. Idan yaro ya bugu a ka, ko kashinsa ya fito baƙi ƙirin, ko haɓo ya ƙi tsayawa, a kai shi asibiti a ranar, da katin gwajinsa a hannu.