Na'urar gano rada a mota: abin da GPS ya gyara da abin da doka ta hana

Ɗauki direban da ke bin hanya ɗaya kullum zuwa wurin aiki. A jikin gilashin gaban motarsa akwai wata 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba, kuma duk safiya, da ya zo daidai wani babban kanti, sai ta ƙwalla ƙara kamar an taka mata wutsiya. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya duba hagu ya duba dama, babu ɗan sanda babu dalilinsa. Ashe ƙofar kantin ce, irin mai buɗe kanta idan mutum ya matso. Gobe haka, jibi haka. Kafin mako biyu ya daina kula ta, ran da kuwa ta yi kukan gaskiya, kunnensa ya riga ya saba.

Wannan ita ce tsohuwar cutar na'urar gano rada. Rada nake nufi, ba raɗa ba, ko da yake aikin nata bai wuce kasa kunne ga raɗa ba. Na'urar auna gudu ta 'yan sanda, wato radar, tana harba igiyar rediyo zuwa ga mota, igiyar ta bugi ƙarfen ta dawo da ɗan sauyi a mitarta, wato yawan kaɗawarta cikin daƙiƙa ɗaya, daga wannan sauyin ake lissafa gudun. Masanin kimiyya Christian Doppler ne ya bayyana ƙa'idar tun 1842. To, igiyar ba a kan mota ɗaya take tsayawa ba, bazuwa take yi, shi ya sa mai kunne zai iya jin ta daga nesa kafin a auna shi. Na'urar direba kunne ce kawai. Tana sauraren zangon mita uku, da ake aunawa da gigahertz (GHz): X a wajen 10.5 GHz, K a wajen 24.1 GHz, sai Ka daga 33.4 zuwa 36 GHz.

Matsalar ita ce ba 'yan sanda kaɗai ke magana a waɗannan zanguna ba. Ƙofofin kantuna da na asibitoci, allunan gefen titi masu nuna wa direba gudunsa, na'urorin ƙidayar motoci, duk a zangon K ko X suke surutu. Da aka sa GPS a cikin na'urar sai ta samu abin da ba ta da shi a da, wato sanin inda take. Direba ya danna maɓalli a gaban kantin nan, ita kuma ta rubuta abu biyu a ƙwaƙwalwarta: wurin, da mitar igiyar da ta ji. Gobe in ta zo wurin ta ji wannan mitar, sai ta yi gum. In ta ji wata mita dabam a wuri guda, ta yi ƙara. Wasu samfuran, kamar na kamfanin Escort, da kansu suke koyo bayan an wuce wurin 'yan lokuta. GPS ɗin kuma ya san gudun motar, don haka a cunkoso, inda ake tafiyar kunkuru, na'urar kan rufe bakinta.

Gyara ne mai kyau, amma yana da ramuka biyu. Na farko, in jami'i ya laɓe kusa da ƙofar kantin, kuma mitar na'urarsa ta yi kusa da ta ƙofar, shirun da direba ya koya wa na'urar zai iya rufe har da kukan gaskiya. Garin gyaran gira ke nan. Na biyu, motocin zamani da yawa suna da tasu radar mai lura da gefen da madubi ba ya nunawa, wasu a 24 GHz. Wannan majiyar tafiya take yi tare da kai, ba ta da adireshi, GPS ba shi da abin da zai rubuta. Sai dai a tace ta ta hanyar gane salon igiyar, ko a jira masu ƙera motoci su gama ƙaura zuwa 77 GHz, wanda suna yi.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. GPS ɗin da ya koya wa na'urar yin shiru shi ne kuma ya ba ta sabon baki: ana loda mata jerin wuraren da aka kafa kyamarorin gudu da na fitilar kan hanya, ta riƙa gargaɗi ko da ba ta ji igiyar komai ba. Daga nan tambayar doka ta rabu uku. Akwai saurare, akwai dagula na'urar hukuma, akwai kuma sanin inda tarkon yake. Kowace ƙasa da inda ta ja layinta, kuma wanda ya haɗa ukun ya ɗauke su abu ɗaya, shi ke biyan tara.

Dagulawa ba ta da dogon bayani. Na'urar da ke harba tata igiyar don ta rikita ta ɗan sanda haramun ce a Amurka baki ɗaya ƙarƙashin Dokar Sadarwa ta 1934, wadda hukumar kula da sadarwa ta ƙasar, FCC, ke aiwatarwa. Masu dagula leza, wato hasken da wasu na'urorin 'yan sanda ke auna gudu da shi a madadin rada, su ne suka samu 'yar kafa, domin leza haske ce, ba igiyar rediyo ba, sai aka bar wa jihohi. Kalifoniya da Teksas da Birjiniya na cikin waɗanda suka hana.

Saurare kuwa, a Amurka halal ne a motar gida, ban da jihar Birjiniya da gundumar babban birnin ƙasar, Washinton, da kuma cikin sansanonin soja. A ƙasar ne ma kasuwar ta bunƙasa, bayan da aka ƙayyade gudu a mil 55 cikin awa a faɗin ƙasa a 1974. Dokar Birjiniya, sashe na 46.2-1079, ta cancanci a karanta ta a tsanake, don tana da tarko ga baƙo. Ba sai an kama ka na'urar na kunne ba. Ganinta a motar ya isa hujja a matakin farko, kuma gwamnati ba ta bukatar tabbatar da cewa tana aiki. Mafita ɗaya dokar ta bari: a same ta ba a jone da wuta ba, kuma a inda hannun direba ko na fasinja ba zai kai gare ta cikin sauƙi ba. Kashe ta a bar ta liƙe a gilashi bai wadatar ba. Mai hankali kan tsaya kafin iyakar jihar, ya cire ta, ya naɗe wayarta, ya jefa a but. Sassaucin da ke ciki shi ne tara ce kawai, ba a rubuta wa lasisi makin laifi.

Direban babbar mota ba ya cikin wannan rangwamen ko a wace jiha yake. Tun 1994 ƙa'idar tarayya mai lamba 392.71 ta hana na'urar a motocin kasuwanci, waɗanda suka haɗa da masu nauyin fam 10,001 zuwa sama, kimanin kilo 4,500. Nan ma ba amfani kaɗai aka hana ba, kasancewarta cikin motar laifi ne, kuma kamfanin da ya ƙyale direbansa ya ajiye ta shi ma ya shiga ciki. Wani abin da kan ba mutane mamaki: a Kalifoniya da Minisota na'urar halal ce, amma dokar hana liƙa abubuwa a gilashin gaba na iya kama mai ita. A Kanada larduna uku ne suka yarda, Biritish Kolombiya da Albata da Saskacewan, da ka shiga Ontariyo kiɗa ya canza. Birtaniya ta yarda da na'urar tun wani hukuncin babbar kotu na 1998. Ostireliya ta hana ko'ina.

Faransa da Jamus ne suka fi ba ni sha'awa, domin su suka gane cewa taswira ta fi kunne haɗari ga tarkonsu. A Faransa sashe na R413-15 na dokar hanya ya hana mallaka, ɗauka a mota, da amfani. Hukuncin ba wasa: tarar Yuro 1,500, cire maki 6 daga 12 na lasisi, ƙwace na'urar, har da yiwuwar dakatar da lasisi na tsawon shekara uku. A Janairun 2012 aka faɗaɗa sashen ya haɗa da duk abin da ke nuna ainihin inda kyamara take, ko da bai taɓa jin igiyar rada ba. Kamfanonin manhaja ba su rufe shago ba, sulhu aka yi. Maimakon su ce ga kyamara nan, sai su ce ka shigo yankin haɗari, yankin kuma mai faɗi ne: kilomita 4 a babbar hanya, kilomita 2 a hanyoyin wajen gari, mita 300 a cikin gari. A ganina wannan dabara ce ta masu wayo. Direba ya samu gargaɗinsa, hukuma kuma ta samu abin da take nema tun farko, mutum ya rage gudu na kilomita huɗu a madadin ya taka birki na daƙiƙa biyar a gaban kyamara.

Jamus ba ta yi sulhu ba. Sashe na 23 na dokar hanyarta ya hana direba kunna irin wannan na'ura ko ɗaukarta a shirye don aiki, kuma tun 2020 an ambaci na'urori masu aiki da yawa ƙarara: ba a hana ka wayarka ko taswirarka ba, amma dole a kashe ɓangaren gargaɗin kyamara. Tarar Yuro 75 ce da makin laifi ɗaya a rajistar direbobi ta ƙasa da ke garin Flensburg. Abin dariyar shi ne gidajen rediyo na sanar da wuraren da ake auna gudu a fili, kuma halal ne, bisa hujjar cewa sanarwar ta kowa ce, ba ta bin motarka tana cewa saura mita ɗari biyu. Siwizalan ko wannan ba ta bari ba, ta hana har gargaɗin jama'a.

Masu dabara a Jamus sun daɗe suna cewa ai direba dokar ta ambata, don haka a miƙa wa na kujerar gefe wayar. A Fabrairun 2023 babbar kotun yanki da ke Karlsruhe ta duba irin wannan shari'a, inda manhajar ke buɗe a wayar fasinja. Ta ce tun da direban ya san tana kunne kuma yana cin moriyarta, tarar tasa ce.