Yoyon igiyoyin rediyo daga wayoyin bidiyo na allon mota

Yoyon igiyoyin rediyo shi ne tsiyayar da wani ɓangare na siginar lantarki ke yi daga waya ko na'ura zuwa cikin iska ba da nufi ba. A motocin zamani, wayar da ke kai hoto daga kwamfutar mota zuwa allon gaban direba tana cikin manyan hanyoyin wannan yoyo, domin bayanan da take ɗauka suna da yawa kuma suna gudu da tsananin sauri. Allo mai ɗigon hoto 1920 sau 1080, wanda ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, yana buƙatar kusan gigabit 3.6 a kowace daƙiƙa. Ita kuwa wayar tana ratsa jikin mota na tsawon mitoci, kusa da eriyoyin rediyon AM da FM, da na GPS mai sauraro a megahaz 1575.42 (megahaz ɗaya shi ne kaɗawar igiya sau miliyan a daƙiƙa), da na makullin da ake buɗe mota da shi daga nesa.

Yadda ake kai hoton

Ana amfani da ƙwayoyin lantarki biyu, wato chip. Ɗaya tana tattara bayanan hoton ta jera su a layi guda, ɗayar kuma tana warware su a bakin allo. Fitattun tsare-tsaren sun haɗa da FPD-Link, wanda kamfanin National Semiconductor ya fito da shi a 1996 kafin Texas Instruments ya saye kamfanin a 2011, da GMSL na Maxim Integrated, wanda ya koma hannun Analog Devices a 2021, da APIX na kamfanin Inova na Jamus, sai A-PHY da ƙungiyar MIPI ta fitar a 2020. Wayar kan kasance mai jijiya ɗaya a cikin rigar ƙarfe, mai om 50 (om ma'aunin turjiyar waya ne ga lantarki), ko kuwa jijiyoyi biyu a murɗe, masu om 100.

Tushen matsalar

A tsarin jijiyoyi biyu, ana aika sigina iri ɗaya a kowacce amma a kishiyance, ta yadda abin da ɗaya ta watsa ɗayar za ta kashe shi. Wannan yana aiki ne kawai idan biyun sun yi daidai wa daida. Da zarar ɗaya ta ɗan fi tsawo, ko mahaɗi, wato inda ake jona wayar, ya karkata nauyinsa gefe guda, sai a samu ragowar lantarki mai tafiya fuska ɗaya a duka biyun. Wannan ragowar ce ke mai da wayar eriya. Ƙanƙantarta abin mamaki ce: 'yan mikro'amfiya kaɗan (kowane kashi ɗaya ne cikin miliyan na amfiya, ma'aunin gudun lantarki) a kan waya mai tsawon mita ɗaya sun isa su kayar da na'ura a gwaji, alhali siginar da ake aiki da ita ta ninka ta ɗaruruwa.

Kaifin sigina ma yana da hannu. Gwargwadon saurin da take tsallakawa daga sifili zuwa ɗaya, gwargwadon nisan da hayaniyarta, wato igiyoyin da take yoyo, ke kaiwa a zangunan sama masu yawan megahaz.

Ma'aunin gwaji

Ma'aunin da aka fi bi shi ne CISPR 25, wanda bugunsa na 2021 ya kama daga kilohaz 150 zuwa megahaz 5925. Yana da aji biyar, na biyar ya fi tsauri. Ana shimfiɗa wayar a kan teburin ƙarfe, milimita 50 sama da shi, a ɗaki mai bangon da ke shanye igiyoyi, eriyar awo kuma tana nesa da mita ɗaya. Kamfanonin ƙera motoci sukan ƙara nasu sharuɗɗan a kai.

Hanyoyin ragewa

Mafi arha kuma mafi amfani ana yin sa ne tun wajen zana farantin lantarki, wanda ake ɗora ƙwayoyin a kansa. Layukan biyu su zama tsawo ɗaya, su tafi a jere, kuma shimfiɗar tagullar da ke ƙarƙashinsu kada ta tsage, domin ta nan lantarki ke komawa gida. Idan ya iske tsaga sai ya zagaya, zagayen nan kuwa eriya ne. Wanda ya yi sakaci a nan zai sha kashe kuɗi daga baya wajen ɗora faci a kan faci.

Sai rigar ƙarfen wayar. Dole ta haɗu da jikin mahaɗi ta kowane gefe, zagaye cikakke, shi ya sa aka yi mahaɗai irin FAKRA da HSD. Tsohuwar ɗabi'ar murɗe rigar ta zama 'yar wutsiya a ɗaure ta da ƙusa tana lalata amfaninta a zangon gigahaz, kamar tulu ne mai kyau da aka huda gindinsa.

Ana kuma sa ƙaramin naɗin waya a bakin fita, wanda ke barin sigina ta wuce amma ya tare ragowar mai tafiya fuska ɗaya. Inda waya guda ke ɗaukar wuta da hoto tare, matatar da ke raba su tana buƙatar zaɓe na hankali.

A cikin ƙwayar kanta akwai dabaru biyu. Na farko, hargitsa jerin bayanan, don kada hoto mai maimaita kansa, kamar farin allo, ya tara ƙarfinsa a wuri guda. Na biyu, kaɗa saurin agogon ƙwayar, wato bugun da ke tsara lokacin aika bayanai, sama da ƙasa da ɗan kaso cikin ɗari, galibi sau dubu 30 da 'yan kai a daƙiƙa. Wannan yana sauke tsinin da na'urar awo ke gani, amma jimillar ƙarfin da ke fita ba ta raguwa, bazuwa kawai take yi, kuma wani ɓangarenta na iya faɗawa zangon da a da yake shiru. Rage ƙarfin siginar ko dakushe kaifinta ma yana taimakawa, sai dai idan aka wuce gona da iri hoto zai fara yankewa a doguwar waya.

Ba kullum ne laifin ke kan doguwar wayar ba. Siririyar wayar leda da ke tsakanin ƙwayar warwarewa da gilashin allo sau da yawa ba ta da riga, haka nan na'urar da ke ba fitilun bayan allo wuta tana da tata hayaniyar. Shi ya sa ake yawan saita saurin aikin na'urar fitilun a wajen megahaz 2, sama da zangon AM.