Finafinan camama: tambayoyin da masu kallo ke yi a Damagaram

Wane irin fim ne camama?

Barkwanci ne mai ƙaramin jari, ana ɗaukarsa cikin 'yan kwanaki. A kasuwar finafinan Kano ya yi ƙarfi, kuma marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, shi ne gwarzonsa. Taurarin labarin talakawa ne: ɗan kabu-kabu, mai shayi, tela, ɗan dako, mai ga-ruwa.

Da gaske ba a rubuta komai?

Ana tsara ƙashin labari, maganar ce ake bar wa 'yan wasa. Darakta zai ce: kai ne mai gida, wata uku ba ka ga kuɗin haya ba, kai kuma ɗan haya, matarka ta haihu jiya. Sai a kunna kyamara. Abin da ya fito daga bakinsu shi ne fim ɗin.

Masu cewa wannan ragwanci ne ba su yi adalci ba. Wasan kwaikwayon Hausa a Nijar, wanda irin su Yazi Dogo suka ɗaukaka, da haka ya tashi: a tattauna labari, kowa ya ɗauki rawarsa, ya yi magana da bakinsa. Ko Jean Rouch, Bafaranshen da ya daɗe yana fim a ƙasar nan, haka ya yi Cocorico Monsieur Poulet a 1974 da Damouré Zika da abokansa, labarin masu fataucin kaji da tsohuwar mota.

Me ya sa mutane ke son su haka?

Don suna jin muryarsu a ciki. Yaron da ya taɓa tura kurar ruwa daga unguwar Garin Malam zuwa unguwar Birni a watan bazara ya san yadda ake cinikin jarka idan famfo ya ƙafe. Ba marubucin da zai koya masa wannan, kuma 'yan kallo a fada, wato majalisar hirar samari, suna gane wanda ya sha ranar da wanda ke kwaikwayo kawai.

Ina matsalarsu?

Sauti. Iska da ƙarar babur sukan cinye maganar da ita ce jarin fim ɗin. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne mayar da baƙauye ko mai naƙasa abin dariya duk lokacin da dabara ta ƙare wa ɗan wasa.

Ana samun kuɗi?

Kaɗan. Kasuwar faifai ta mutu, fim na yawo daga waya zuwa waya kyauta. Masu yi yanzu sun karkata ga YouTube da TikTok, da tallar 'yan kasuwa da suke sakawa cikin wasan.