Irin albasa: daga wane kai za ka ɗebo shi?

Duk shekara in lokacin cirar albasa ya gabato, ba na rasa ganin wasu tsiraru a cikin fangali da suka miƙe da dogon kara, farin fure a bisa. In na tambayi mai lambu, amsar ɗaya ce: "Malam, ai na bar su ne don iri." To, 'yan uwa manoma, daga nan ɓarnar take somawa.

Albasa shekara biyu take yi kafin ta ba da iri. Shekarar farko ta yi kai, ta biyu ta yi fure. Wadda ta yi gaggawar fure tun shekarar farko, hali ne gare ta, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ka shuka 'ya'yanta, baɗi masu karan su ƙaru, kai ya fito da ƙaton wuya da rami a tsakiya, ya ruɓe tun kafin farashi ya tashi.

Albasar Galmi da ake yabo, waccan mai launin shuni da yaji, ba daga sama ta faɗo ba. Manoman kwarin Maggia a jihar Tawa ta Nijar ne suka yi ta zaɓe, kaka da kakanni, har sunan garinsu ya bi buhu zuwa kasuwannin Akara da Abijan.

Zaɓen a ranar cira ake yinsa. Ware kawuna matsakaita, masu tauri, siririn wuya, launi iri ɗaya. Tagwaye ka sayar, ko uwargida ta kai tukunya. Ka adana na irin a rudu ko rumfa mai iska har damina ta wuce. Damina da kanta za ta taya ka tantancewa, domin wanda ya kai Oktoba bai ruɓe ba, bai yi tsiro ba, shi ne uban iri. Sanyi na shigowa sai a dasa. Wasu sukan yanke saman kan kaɗan don tsiro ya fito tare.

Abin da aka fi mantawa shi ne maƙwabci. Ƙudan zuma da ƙudaje ke haɗa furen albasa, kuma ba su san iyakar gona ba. In na kusa da kai farar albasa ya bari ta yi fure, naka ya gauraya. Masu fitar da iri na sayarwa sukan bar tazarar kimanin kilomita ɗaya. A fadama wannan da wuya, saboda haka ku zauna ku daidaita kan iri guda. Feshin magani kuma a dakata da shi muddin fure na buɗe. Irin cikin gwangwani mai alamar F1 kuwa, wato wanda kamfani ya haɗa daga iyaye biyu daban, kada ka wahalar da kanka ɗibar irinsa, 'ya'yan ba sa kama da uwa.

In ka ga baƙin iri ya fara leƙowa daga kwanso, yanke kawunan furen, shanya a inuwa bisa tabarma, murje, sheƙe. Zuba a ruwa: mai kyau zai nutse, holoƙo ya taso. Tsame nan take ka busar sosai, sannan a rufe a kwalba, a ajiye wuri mai sanyi.

Irin albasa ba ya jure tsufa, shekara guda ƙarfinsa ya soma raguwa. Kafin yafi, ƙirga ƙwaya 100, naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, kana yayyafa ruwa. Bayan kwana 10 zuwa 12 ka buɗe. In waɗanda suka tsira ba su kai 70 ba, ƙara yawan abin da za ka yafa. In ko rabi ba su kai ba, nemi wani wajen manomin da ka ga gonarsa da idonka.