Tambayoyi da Amsoshi Kan Ɗaukakawa, Matakin Ƙarshe na Ceto

Waɗannan tambayoyi ana ta maimaita mini su, alhali amsar yawancinsu tana nan a rubuce a Romawa sura 8 da 1 Korantiyawa sura 15, ga duk wanda zai zauna ya karanta da natsuwa.

Mece ce ɗaukakawa?

Ita ce aikin ƙarshe da Allah zai yi wa mai bi, sa'ad da zai raba shi da zunubi kwata-kwata, ya ta da jikinsa marar ruɓa, ya mai da shi kamar Almasihu. A duba Filibiyawa 3:21 da 1 Yahaya 3:2.

Ina bambancinta da baratarwa da tsarkakewa?

A koyarwar Furotesta, baratarwa, wato Allah ya lasafta mai zunubi a kan mai adalci saboda Almasihu, ta riga ta faru tun ranar da mutum ya ba da gaskiya, tsarkakewa, wato girman mai bi cikin tsarki, tana gudana muddin yana raye, ɗaukakawa kuwa tana gaba.

Wanda ya yi arziki ko ya warke daga ciwo, ashe bai fara shiga ɗaukakarsa ba?

A'a, kuma abin baƙin ciki ne cewa masu wa'azi ne ke cusa wa mutane wannan tunani. Bulus ya ce a Romawa 8:17 za a ɗaukaka mu tare da Almasihu in mun sha wuya tare da shi, wasiƙarsa kuma zuwa ga Filibiyawa, wadda ta yi alkawarin sāke jikin nan namu na ƙasƙanci, daga kurkuku ya rubuta ta. Warkarwa alheri ce, a gode wa Allah dominta, amma ko Li'azaru da Yesu ya kira daga kabari, jiki mai mutuwa ya komo da shi.

Yaushe za ta faru?

A komowar Almasihu, cikin ƙiftawar ido, da busar ƙaho na ƙarshe. Ranar kuwa Markus 13:32 ya ce ba wanda ya san ta sai Uba, saboda haka a daina tambayata shekara.

Mahaifiyata ta rasu tana mai bi. Zan iya cewa an riga an ɗaukaka ta?

Wannan ita ce tambayar da ba na son amsawa da gaggawa, domin mai yin ta yakan zo da hawaye, Kiristoci masu tsoron Allah kuma sun yi saɓani a kanta. Abin da ya fito fili shi ne, Yesu ya gaya wa ɗan fashin da aka gicciye kusa da shi cewa a ranar nan zai kasance tare da shi a Firdausi, Bulus kuma ya ce a 2 Korantiyawa 5:8 rabuwa da jiki zama ne tare da Ubangiji. A kan irin waɗannan ayoyi ne Ƙaramin Katekizim na Wesminsta na 1647, wani littafin koyarwar Furotesta na tambaya da amsa, ya koyar da cewa rayukan masu bi sukan kammalu cikin tsarki da zarar sun mutu, su shiga ɗaukaka nan take, jikunansu kuwa su huta a kabari har ranar tashi. Ikkilisiyar Katolika ta yarda cewa waɗansu sukan shiga sama kai tsaye, amma tana koyar da cewa wanda ya mutu cikin alherin Allah da sauran tabon zunubi sai an tsarkake shi tukuna, kamar yadda majalisar Filorens ta 1439 da ta Tirent a 1563 suka tabbatar. 'Yan Adbentis kuma suna cewa matattu barci suke yi, ba su san kome ba sai ranar tashi.

A nawa ganin, kuma gani ne na mai karatu, ba hukunci ba, za ki iya cewa mahaifiyarki tana wurin Ubangiji, ta huta da ciwo da jaraba. Amma in aka ce an gama ɗaukaka ta, maganar ta wuce wuri, domin jikin da kika wanke, hannuwan da kika riƙe a daren ƙarshe, suna cikin ƙasa har yanzu, Romawa 8:23 kuwa ta ce fansar jiki muke jira. Ita ma tana jira, sai dai jiran nata ba na wahala ba ne. Bisa ga 1 Tasalonikawa 4:16-17, waɗanda suka mutu cikin Almasihu su ne za su fara tashi, sa'an nan a haɗa su da waɗanda suke raye. Ki kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, ko da ikkilisiyarku ta bi wata fahimta daban da tawa, dukan ɓangarorin nan sun haɗu a kan tashin matattu.

Wanda wuta ta cinye ko ya nitse a teku fa?

Wanda ya yi mutum daga turɓaya ba zai rasa hanyar ta da shi ba. Wahayin Yahaya 20:13 ya ce teku zai ba da matattun da ke cikinsa.

Za mu zama Allah ke nan?

Sam. Ikkilisiyar Otodoks takan yi magana a kan tarayya da halin Allahntaka bisa ga 2 Bitrus 1:4, amma ita ma ba ta ce halitta za ta zama Mahalicci ba.

Jikin zai zama na gaske, ko kuwa kamar fatalwa?

Na gaske ne. A Luka 24:39-43 Yesu ya ce wa almajiransa su taɓa shi, ya nuna musu hannuwansa da ƙafafunsa, ya kuma ci gasasshen kifi a gabansu.

Zan iya kaiwa ga wannan kammala tun ina duniya?

Ba za ka iya ba. Jon Wesle, wanda ya kafa tafarkin Metodis, ya koyar da cewa mai bi zai iya kammaluwa cikin ƙauna tun a wannan rai, amma bai ce kuskure da rauni da mutuwa sun rabu da shi ba. Bulus da kansa ya ce a Filibiyawa 3:12 bai riga ya kammalu ba, yana dai nacewa gaba. Duk wanda ya gaya maka ya daina zunubi ɗungum, ka buɗe masa 1 Yahaya 1:8 ya karanta da bakinsa.