Mece ce "gubar ƙwayoyin gado", kuma me ya haɗa ta da zuma?

Kalmar tana yawan fitowa a bakin jami'an da ke duba zumar da za a fitar zuwa Turai, kuma 'yan kasuwar Ngaundare da Meiganga a yankin Adamawa na ƙasar Kamaru sun fara cin karo da ita. Ana nufin sinadarin da ke lalata DNA, wato rubutun da ke cikin kowace ƙwayar halittar jiki, wanda ɗa ke gada daga iyaye. Irin wannan guba ba ta sa amai ko ciwon ciki nan take, sai dai ta ɓata rubutun a ɓoye, kuma idan jiki bai gyara ɓarnar ba, tana iya zama mafarin ciwon daji bayan shekaru.

Ɗaya daga cikin hanyoyin shigarta zuma ita ce magani. A ƙasashen da ake kiwon zuma da akwatuna, akwai cutar da ke ruɓar da 'ya'yan ƙudan zuma tun suna tsutsa a cikin saƙa, sai masu kiwo su gauraya maganin kashe ƙwayoyin cuta da sukari su ba su. Ƙudan yakan ajiye ragowar a cikin zumar, mutum kuma ya sha.

Magungunan ba ɗaya suke ba. Oksitetrasikilin, wanda aka fi amfani da shi, babbar damuwa a kansa ita ce ƙwayoyin cuta su saba da shi har ya daina aiki. Waɗanda ake zargi da taɓa ƙwayoyin gado su ne dangin nitrofuran da kuma kuloramfenikol, wanda ke iya hana ɓargo ƙera jini a jikin wasu mutane. Shi ya sa masana ba su yanka masa wani ƙaramin adadi da za a ce ba ya cutarwa ba. A 2002 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da zumar Sin bayan an gano shi a ciki, sai a 2004 aka ɗage takunkumin.

A ganina, amyar gargajiya da ake ratayewa a bishiyoyin Adamawa ta tsira daga wannan matsala, domin ba a ba ƙudanta komai. Abin tsoron yana wajen sabon mai akwati wanda ya ga ƙudansa suna mutuwa, ya sayo kafso a kasuwa ya zuba musu ba tare da shawarar likitan dabbobi ba, alhali ɗanɗano ko launi ba sa nuna ragowar, sai gwajin ɗakin bincike.